Daga Zangon Fatake Zuwa Karmo: Tarihin Auren da Ba Shi da Takarda, da Haƙƙin Ciyar da Ɗa



A wannan fitowa muna so mu waiwayi wata magana da kowa ya san da ita amma ba a cika son ɗago ta a bainar jama'a ba, wato zaman mace da namiji a ɗaki ɗaya har a hayayyafa, alhali babu wanda zai iya tashi ya ce ga ranar da aka ɗaura, ga waliyyi, ga shaidu. Wani aure ne na gaskiya, shaidunsa ne suka watse. Wani ɗaurin ɓoye ne. Wani kuwa zaman dadiro ne tsagwaronsa. Duk ukun ana zaune lafiya muddin tukunya na tafasa. Ranar da namiji ya sa ƙafa ya fice, ko ya koma ga Allah, ranar ce ake tambayar wa zai ci da yaran nan. Waiwaye adon tafiya, in ji Hausawa, don haka bari mu fara daga inda abin ya samo asali.

Lokacin da gari ne takarda

Kakanninmu a Kano da Katsina da Zazzau ba su san takardar aure ba, kuma ba su rasa komai ba don rashinta. Dalili kuwa, garin duka shi ne takardar. An kai gaisuwar iyaye, an sa rana, an taru a ƙofar gida, wakilin ango ya nema, waliyyi ya bayar, an ambaci sadaki, liman ya shafa Fatiha, sanƙira ya ɗaga murya ya sanar, an raba goro. Bayan shekara ashirin ma in gardama ta tashi, tsofaffin unguwa na nan, kowa zai ce da ni aka yi.

Littattafan da muka karanta a zaure, Risala da Askari da Muhtasar, duk a kan wannan suka tsaya: waliyyi, sadaki wanda mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne, siga, da shaidu biyu adilai kafin a tare. Malaman Malikiyya sun ma yarda alƙali ya karɓi shaidar ji, wato mutane su ce mun daɗe muna ji a bakin amintattu da waninsu cewa wance matar wane ce. Kun ga ashe shahara kanta hujja ce a wurinmu tun fil azal. Amma fa shaharar ɗaurin aure ake nufi. Daɗewa a ɗaki ɗaya ba ta taɓa mayar da zaman banza aure ba, ko da an shekara arba'in.

Zango da mai gida

Bahaushe ɗan tafiya ne. Tun zamanin fataucin goro zuwa Gwanja ayari kan yi watanni a hanya, wasu su yada zango a Salaga ko Kumasi su ƙi komawa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin shanu da goro ya buɗe ta kudu, aka kafa Sabon Ibadan a 1916, ga Agege, ga Shagamu. Duk waɗannan wurare maza ne suka fara zuwa, matasa, ba iyaye kusa, ba dangi. To me ya hana zango lalacewa?

Mai gida ne da liman da sarkin zango. Baƙo ba ya sauka a iska, sai a hannun wani. Mai gidan nan shi ya san garinsu, shi ke riƙe kuɗinsa, shi ke tsaya masa in zai yi aure. Matar da ba ta da waliyyi a kusa, sarki ko liman ya tsaya mata, kamar yadda fiƙihu ya ba da dama. In mutum ya gudu ya bar mace da goyo, ba a rasa inda za a kama: mai gidansa na nan, kuma saƙo zai bi ayari ko jirgi har ƙofar gidan ubansa. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a Sabon Ibadan a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a 1969. A ciki bai ɓoye cewa akwai mata masu zaman kansu a unguwar ba, amma ya nuna yadda harkar aure da ciniki da amana duk suke ɗaure a hannun masu gida da malamai da Sarkin Sabo. Wato ɓarna ba sabuwa ba ce. Abin da yake akwai a da, kowa ya san wacece matar aure, wacece ba ita ba, kuma ɗan wane ne wannan.

Zuwan Turawa da littafin alƙali

Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, sun bar alƙalai a kan shari'ar aure da saki da gado, sai dai suka sa a riƙa rubuta ƙara da hukunci a littafi. A gefe guda kuma suka kawo nasu auren na rajista, dokar aure ta 1914, wadda har yau ita ce ake ɗaura auren kotu da ita, mace ɗaya tak. Tun daga nan ƙasar nan ta zauna da aure iri uku: na rajista, na gargajiya, da na Musulunci. Babu na huɗu.

Muna jaddada babu na huɗu ne don wata magana da samarinmu ke ɗebowa a waya, wai in mace da namiji suka shekara kaza tare, doka ta mayar da su ma'aurata. Wannan magana tana da asali, amma can wata ƙasa. A wasu jihohin Amurka, irin su Texas da Colorado, in biyu suka yarda su ma'aurata ne, suka zauna tare, suka nuna wa duniya haka, kotu na lissafa shi aure. A Ingila kuwa, tun 1753 aka yi dokar da ta toshe auren ɓoye, kuma a yau ko shekara nawa aka yi tare ba ya zama aure. Sikotilan ma ta soke irin nata a 2006. Amma ku lura da abin da suka yi game da yara. A 1973 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a wata ƙara daga Texas cewa ba za a hana yaro haƙƙin ciyarwa daga ubansa don kawai ba a auri uwarsa ba. Ingila ma tana karɓar kuɗin ciyarwa daga uba, da aure ko babu. Sun raba maganar gida biyu: matsayin mace daban, cikin yaro daban. Za mu ga cewa dokar Nijeriya ma nan ta dosa.

Yadda Abuja ta tsinke igiyar

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan yanki. Da jihadi ya fitar da Sarkin Zazzau Muhammadu Makau daga Zariya, Zuba ya nufo, kuma ɗan'uwansa Abu Ja ne ya kafa garin Abuja a 1828, garin da yanzu ake kira Suleja da sunan Sarki Sulaimanu Barau. Can akwai sarki, akwai alƙali, akwai liman, aure na tafiya yadda aka sani, tare da Gbagyi da Koro da Gwandara da sauran masu ƙasa.

Sabuwar Abuja ce ta zo da wani abu dabam. Ranar 3 ga Fabrairu 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar mayar da babban birni nan, bisa shawarar kwamitin Mai shari'a Akinola Aguda. Aka fara gini, leburori suka kwararo, har aka yi musu sansani a Nyanya. Ranar 12 ga Disamba 1991 Janar Babangida ya taso daga Ikko ya tare. A ƙidayar shekarar mutanen birnin tarayya ba su kai 400,000 ba, amma a ta 2006 sun haura miliyan 1.4. Cikin wannan ambaliya akwai mu: birkiloli, masu gadi, 'yan ga-ruwa, masu shayi, mahauta, 'yan acaɓa, 'yan tireda, masu fasa dutse a Mpape, dillalan shanu da katako a Dei-Dei, masu kayan marmari a Zuba.

Bambancin wannan zuwa da na zangon da shi ne, yawancinmu ba mu sauka a hannun kowa ba. Mota ta ajiye ka a Zuba ko Mararraba, ka nemi ɗakin langa-langa, shi ke nan. Mutum ya ce sunansa Ɗan Sakkwato ko Bakano, ba wanda ya san sunan ubansa. Ya ce ci-rani ya zo, iyalinsa na gida, sai ci-ranin ya zama shekara goma. A nan ya haɗu da mai sayar da abinci, wata Bahausa bazawara, wata 'yar Binuwai ko Filato ko kudancin Kaduna, wata 'yar masu ƙasa. Wasu suka yi abin kirki, suka je wurin iyaye aka ɗaura. Wasu suka kira abokai biyu da wani almajiri a bayan shago aka shafa Fatiha, aka ce kada labari ya kai gida. Wasu ko wannan ba su yi ba.

Sannan rusau ya zo. Tsakanin 2003 da 2007, zamanin ministan Abuja Malam Nasiru El-Rufa'i, aka rushe unguwanni irin su Karmo da Chika, a watan Oktoba 2006 kuma aka hana acaɓa a tsakiyar birni. Ba muna maganar daidai ko kuskuren wannan ba ne a nan. Abin da ya shafe mu shi ne, masallacin da aka ɗaura aure ya zama fili, liman ya koma Suleja, shaida ɗaya ya koma Funtuwa, ɗayan ya tafi Fatakwal, miji ya sayar da babur ya ce zai je gida ya dawo. Garin da yake shi ne takarda, katafila ta share shi cikin yini guda. Yaran da aka haifa a lokacin yanzu sun zama samari da 'yammata, kuma su ne ake kawo maganarsu masallaci bayan Asuba: yarinya ta sami miji ana neman waliyyi, yaro zai cike takarda ana neman sunan uba da ƙaramar hukuma, ko mutum ya rasu 'yan'uwa sun zo daga gida sun kwashe kayan shago sun ce ba su san da wata mata ba.

Abin da Shari'a ta ce a kan ukun

Na farko, auren da ya cika sharuɗɗa amma ba takarda. Wannan aure ne cikakke. Ɗan da aka haifa bayan wata shida ko fiye daga tarewa na mijin ne, ba ya fita daga gare shi da faɗar baki, sai ta hanyar li'ani a gaban alƙali. Ciyarwa da tufatarwa da wurin kwana wajibi ne a kan uba gwargwadon ƙarfinsa: namiji har ya balaga yana iya nema, mace har ta yi aure mijinta ya tare da ita. Saki ba ya sauke wannan. Riƙon yara bayan rabuwa haƙƙin uwa ne a Malikiyya, in ta yi wani aure ya koma ga mahaifiyarta, kuma kuɗin ciyarwa na bin yaro duk inda yake. Maganar da wasu ke yi, wai in kina son kuɗi ki kawo mini 'ya'yana, ba ta da gindi a littafi.

Na biyu, ɗaurin da ya sami naƙasa, kamar wanda aka yi ba waliyyi, ko wanda aka ce wa shaidu su ɓoye. Malikiyya sun ce irin wannan ana raba shi, sai dai akwai tafsili a kan auren ɓoye in ya daɗe. Amma ga ƙa'idar da mutane ba su sani ba: duk inda shubuha ta kawar da haddi, to ɗa yana bin uban. Wato aure na iya ɓaci, ɗa ya tsira da nasabarsa da gadonsa da abincinsa. Saboda haka mutumin da ya ce ai auren ma ba daidai aka yi shi ba, don ya zame, ya sani bai zame ba.

Na uku, dadiro. A nan maganar jamhurun malamai a fili take: ɗa yana bin uwarsa, yana gadonta tana gadonsa, ba ya gadon namijin, namijin kuma ba ya zama waliyyin 'yar. Gaggauta ɗaurin aure don a rufe ciki ba ya gyara wannan, tunda lissafin wata shida na nan. Akwai wasu malamai, cikinsu har Ibnu Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim, da suka tafi a kan cewa in matar ba ta ƙarƙashin auren kowa kuma namijin ya ce ɗansa ne, ana iya danganta masa. Wannan saɓani aikin alƙalai ne da manyan malamai, kada kowa ya yanke wa kansa a teburin mai shayi. Abin da ba saɓani a kai shi ne, yaron ba shi da laifin komai, ba a ɗora wa rai nauyin wani, kuma barinsa da yunwa zunubi ne a kan duk wanda ya sani yana da hali. Ƙofar kyauta a buɗe take tun mutum na da rai, ƙofar wasiyya ma a buɗe take har sulusin dukiya ga wanda ba magaji ba. Wanda ya ce Shari'a ba ta ba shi ɗan ba, alhali bai tuna da Shari'a ba ranar da ya kawo uwar ɗakinsa, to ya ji tsoron Allah.

Abin da dokar ƙasa ta ce

Mu a Abuja muna da kotunan yanki, a Kubwa da Zuba da Gudu da Gwagwalada da Dei-Dei da sauransu, masu duba aure da saki da riƙo da gado na Musulmi, a samansu kuma akwai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a wadda sashe na 260 na tsarin mulkin 1999 ya kafa. Matar da aka yi auren Musulunci da ita nan za ta kai ƙarar ciyarwa. Dokar shari'ar aure ta 1970, mai ba da ciyarwa har shekara 21, ta masu auren rajista ce, ta fitar da auren Musulunci da na gargajiya ƙarara.

Sai dokar shaida ta 2011. Sashe na 166 ya ce in aka yi gardama a kotu ko wance matar wane ce a auren Musulunci ko na gargajiya, kuma aka kawo hujjar sun zauna tare a matsayin mata da miji, kotu za ta ɗauka akwai aure har sai an tabbatar da akasin haka. Wannan shi ne mafi kusa da abin da samari ke faɗa, amma a fahimta: zato ne na doka, ba ɗaurin aure ba ne, hujja na rushe shi. Amfaninsa ga matar da rusau ya watsa shaidunta, domin maƙwabta da mai gidan haya na iya tsaya mata.

Babbar magana kuwa ita ce Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, wadda Shugaba Obasanjo ya sa wa hannu. Jihohi sai da kowacce ta ga dama ta karɓa, amma a birnin tarayya kai tsaye take aiki. Yaro a wurinta shi ne wanda bai kai 18 ba. Sashe na 14 ya ba kowane yaro haƙƙin ciyarwa daga iyayensa gwargwadon ƙarfinsu, da damar neman haƙƙin a kotun iyali, kuma bai ce sai ɗan aure ba. Sashe na 63 ya ba kotu ikon sa a yi gwajin kimiyya don gano uba, abin da muka sani da gwajin DNA. Tsarin mulki kansa, a sashe na 42, ya hana a tauye ɗan ƙasa saboda yanayin haihuwarsa. A 2014 Kotun Ƙoli ta yi hukunci a ƙarar iyalan Ukeje, inda aka nemi hana wata 'ya gadon ubanta da ya rasu a 1981, kuma cikin abin da ya tsaya mata har da takardar haihuwa mai ɗauke da sunan uban. Shari'ar ba ta Musulmi ba ce, amma darasin takardar namu ne duka.

To kun ji. Wanda yake ganin ya tsere don ba a shafa Fatiha ba, a garin nan sammaci na iya samunsa a shago, ko daga kotu ko daga ofishin jin daɗin jama'a. Gwajin jini ba zai mayar da yaro magaji a kotun Musulunci ba bisa maganar jamhuru, amma yana iya sa a yanka wa mutum kuɗin wata a kotun iyali.

Abin da ya rage gare mu

Tarihin nan abu ɗaya yake nuna mana. A gida gari ne ya tsare yaro, a zango mai gida ne, a Abuja kuwa aka wayi gari ba wannan ba wancan. Gibin nan mu za mu cike shi, ba a fafe gora ranar tafiya.

Kowane masallacin unguwa ya ajiye littafin ɗaurin aure: sunan ango da na ubansa da garinsu da unguwarsu, waliyyi, shaidu da lambobin wayarsu, sadaki, kwanan wata. A ba mace tata takardar a hannunta, a ɗauki hoton shafin a waya, domin mun ga yadda gini ke zama fili. Limamai kada mu yarda mu ɗaura wa wanda ba wanda ya san asalinsa, sai Sarkin Hausawa ko shugaban sana'arsa ya tsaya masa, kuma duk wanda ya ce a rufa masa asiri kada uwargida ta ji, a gaya masa aure shela ne. Waɗanda aka ɗaura musu tun kafin rusau, su nemi shaidun da suka rage tun suna raye a rubuta. Ranar suna kuma, kafin a fede rago, uba ya je a yanko takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya da sunansa a kai.

Masu zaman dadiro, ba tonon asiri muke nema ba. Ku zo a keɓe, a raba zaman, a yi istibra'i, in akwai rabo a nemi waliyyi a ɗaura na gaskiya. Yaran da aka riga aka samu kuwa, a ci da su, a sa su makaranta, a yi musu kyauta da shaidu tun ana numfashi. Mu kuma sauran jama'a mu kama bakinmu daga kiran yaro da mummunan suna, mu sa shi a sahun marayu in ana rabon zakka da kayan salla. Yaron da muka bari yau yana kwana a ƙarƙashin gada da buhun bola, unguwar nan zai girma, kuma ƙofofinmu ya sani.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.